Bolt Uku da Suka Ɓata: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Ɗakin Gwajin Lantarki

Gwaji na biyu ne a zangon farko na 'yan aji biyu masu karatun injiniyan lantarki, kuma babu wanda ya kai shi sauƙi a cikin littafin umarnin gaba ɗaya. Ana ba ɗalibi rezista biyu, wato 'yan ƙananan kayan da ke turje wa gudun wuta, masu turjiya iri ɗaya, kilo-om 10 (om dubu goma) kowace. Zai jera su a kan allon gwaji ɗaya na bin ɗaya, ya saita na'urar ba da wuta a bolt 9, ya ɗora bakin mita a kan kowace rezista, ya rubuta abin da ya gani. Tun kafin a kunna komai an san amsar: wutar za ta rabu biyu daidai, 4.5 a sama, 4.5 a ƙasa, a haɗa a sami 9, dokar Kirchhoff, mai cewa jimlar rabon dole ta yi daidai da wutar da aka bayar, ta tabbata, kowa ya kama gabansa. Na yi shekaru ina koyar da wannan gwaji, ban taɓa kawowa a raina cewa akwai abin da ya rage masa da zai nuna mini ba.

Bayan mako ɗaya rahotanni suka taru a teburina. Ina bi ina ba da maki kamar yadda na saba: 4.49 da 4.51, 4.50 da 4.48, 4.47 da 4.52. Komai lafiya lau. Can wajen tsakiyar tarin na ci karo da wani rahoto da ya fita daban. Wata ɗaliba da abokin bencinta sun rubuta 3.03 a rezistar sama, 2.97 a ta ƙasa, jimla 6. A ƙasan teburin sakamakon ta ƙara layi biyu da biro: sun auna sau huɗu, sun canza wayoyin mita, sun kuma auna bakin na'urar ba da wuta sun ga 9 cif, amma ba su san inda bolt uku suka shiga ba. Bisa tsarin makin da ni da kaina na rubuta, kuskuren da ya wuce kashi 5 cikin 100 yana jawo ragi, nasu kuwa ya haura kashi 30. Har na ɗaga jan biro. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda lambobin biyu suka yi kusa da juna. Wanda ya yi kuskuren haɗa waya ba ya samun lambobi masu tsari haka. Ko dai ya sami sifiri, ko ya sami 9, ko wata lamba da ba kai ba gindi.

Na ɗauki takardar na gangara wajen dattijon da ke kula da kayan ɗakin, wanda ya riga ni fara aiki a sashen da shekaru masu yawa. Na ce, "Baba, duba mini wannan." Bai ce komai ba. Ya jawo durowar da aka rubuta wa 10k, ya ɗebo rezista guda uku ya shimfiɗa a tafin hannunsa, ya matso da su kusa da fitila. Zoben farko ruwan ƙasa, na biyu baƙi, na uku shuɗi. Ya ce, "Malam, ai waɗannan ba dubu goma ba ne, miliyan goma ne." Kilo-om 10 zobenta na uku ruwan lemo ne, shuɗi kuwa mega-om 10 ke nan, ninki dubu. Ashe lokacin da aka kawo sabbin kaya wani ya juye ledar da ba ita ba a durowar, kuma duk bencin da ya yi gwaji a ranar daga nan ya ɗiba. Da yake kowane benci yana mayar da kayansa cikin farantinsa mai lamba, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina shuɗi.

Wato babu wani benci da mitarsa ta nuna 4.5 a ranar. Kowa 3 ya gani, ko abin da ya yi kusa da ita. Mutum biyu ne kawai suka rubuta abin da idonsu ya gani, kuma su ne na kusa hukuntawa.

Inda bolt ukun suka shiga

A takarda, rezista biyu masu turjiya ɗaya suna raba wuta daidai ko da om goma ne ko miliyan goma. Lissafin ba ya ƙarya. Abin da takarda ta manta da shi shi ne mitar kanta. Mita ba ido ba ce da ke leƙe daga nesa. Idan ka ɗora bakinta a kan sakit, wato da'irar da wuta ke bi, ta shiga cikinsa, ta zama wata rezista da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da wadda kake aunawa. Yawancin mitocin hannu na dijital suna da turjiyar ciki ta kusan mega-om 10 idan ana auna boltej. To idan ka ɗora mega-om 10 a gefen wata mega-om 10, sun koma mega-om 5. Sakit ɗin da ke gabanka yanzu 10 ne a sama, 5 a ƙasa, kuma kashi ɗaya cikin uku na 9 shi ne 3. Ka ɗauke mitar ka mayar da ita sama, sai lamarin ya juye: sama ta koma 5, ƙasa ta koma 10, mita ta sake nuna 3. Ɗalibar ta haɗa lambobi biyu da aka ɗauko daga sakit biyu mabambanta, shi ya sa jimlar ta ƙi kaiwa 9. Dokar da Kirchhoff ya fitar tun 1845 tana nan daram a kowane ɗaya daga cikin sakit ɗin biyu.

Da rezistar kilo-om 10 ma wannan abu yana faruwa, sai dai ba a ganinsa: mita za ta nuna kusan 4.498, kuma bambancin ya nutse a cikin kashi 5 cikin 100 da zoben gwal na jikin rezista ya riga ya ba da izini. Da mega-om 1 za ka ga kusan 4.29, abin da ɗalibi zai iya ɗora wa laifin rezista ya wuce. Sai an kai mega-om 10 ne abin ke fitowa fili ta yadda ba a iya rufe shi. Kuma kowace na'ura da nata nauyin. Osiloskof, na'urar da ke zana boltej a allo, mai turjiyar shiga ta mega-om 1, idan aka haɗa shi kai tsaye, 0.75 zai nuna a wannan sakit. Da firob, wato wayar awonsa, mai rage sigina sau goma sai ya dawo 3. Tsohuwar mita mai allura, irin mai om 20,000 a kowane bolt, idan tana kan ma'aunin bolt 10 turjiyarta kilo-om 200 ce kawai, allurar da ƙyar za ta motsa zuwa 0.17. Na'urori huɗu, amsoshi uku, kuma babu wadda ta lalace.

Duk wannan yana cikin darasin da muke yi a aji. Ka'idar Thévenin ta 1883 ta ba da shi a layi ɗaya: daga tsakiyar sakit ɗin, abin da mita ke gani shi ne tushen wuta na bolt 4.5 da turjiyar mega-om 5 a bayansa. Ɗaliban sun iya wannan lissafi a jarrabawa. Babu wanda ya tuna da shi da mita a hannu.

Me ya sa suka rubuta abin da ba su gani ba

Fushi na fara yi, ba zan ɓoye ba. Na yi niyyar soke rahotannin in kai maganar gaba. Baba ne ya ce in fara jin ta bakinsu, domin ruwa ba ya tsami banza. Na kira su rukuni rukuni, na yi musu alkawarin babu wanda zai rasa maki a kan abin da ya faɗa mini.

Labarin ya kasu. Wasu sun ga 3 sai suka yanke hukuncin mitarsu ta lalace, suka leƙa bencin kusa suka tambayi "me ya kamata ya fito". Wasu sun auna 9 a bakin na'ura suka raba biyu, suka ɗan jirkita lambar ƙarshe don ta yi kama da ta gaske. Akwai masu rahoton 'yan bara a waya. Wani kuwa ya faɗa mini maganar da har yau take yi mini yawo a kai: "Malam, ai mun san amsar. Mun ɗauka abin da kake so ke nan." Ba da rashin kunya ya faɗa ba. Iyakar fahimtarsa ke nan game da aikin ɗakin gwaji: wuri ne da ake zuwa a samo lambar da malam ya riga ya sani.

Da na koma na karanta littafin umarnin da idon ɗalibi, sai na ga gaskiyarsa. Mataki na ɗaya zuwa na tara, kowane da fi'ilin umarni: haɗa, saita, auna, rubuta. Teburin sakamako yana da gurbin "ƙimar da ake tsammani" a gefen "ƙimar da aka auna", gurbi na uku kuma na kuskure ne cikin ɗari. Babu inda aka tambayi ɗalibi me yake zato, babu gurbin rubuta "ban gane ba". Tsarin maki kuma ya fito ƙarara: kusanci da amsar littafi shi ne maki. A irin wannan tsari, wanda ya rubuta 3 ya yi wa kansa, wanda ya rubuta 4.49 ya tsira. Ba na wanke su. Rubuta lambar da ba ka auna ba ƙarya ce, kuma injiniyan da ya saba da ita wata rana zai sa hannu a takardar gwajin taransifoma da bai gwada ba. Amma ni ne na gina kasuwar da ƙaryar ke ci a cikinta.

Ba mu kaɗai ne da wannan ciwo ba. A watan Janairun 2002 hukumar ABET, mai tantance kwasa-kwasan injiniya a Amurka, ta tara malamai a San Diyego don amsa tambayar da aka daɗe ba a yi ba: me ake nema ɗalibi ya samu a ɗakin gwaji? Suka fito da manufofi 13, waɗanda Lyle Feisel da Albert Rosa suka wallafa a 2005. A cikinsu akwai iya amfani da na'urorin awo, gane iyakar lissafin takarda idan aka gwada shi da zahiri, koyo daga gazawa, da riƙon gaskiya wajen ba da rahoto. Na auna gwajinmu da waɗannan huɗu, na ga bai taɓa ko ɗaya ba. Daga ɓangaren masu koyar da fiziks kuma, Natasha Holmes da Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001, tare da abokan aikinsu sun kwatanta ɗaliban da suka yi ɗakin gwaji da waɗanda ba su yi ba a kwasa-kwasai tara na jami'o'i uku. Sakamakon da suka fitar a 2017 shi ne ba su ga wani ƙarin da gwaje-gwajen "tabbatar da darasi" suka yi wa sakamakon jarrabawa ba. Fiziks ne ba injiniyan lantarki ba, amma gwajinmu na rezista biyu ɗan gidansu ne. Idan ba ya ƙara fahimtar ka'ida, ba ya kuma koyar da awo, to me muke yi da awa uku na rayuwar ɗalibi?

Maimaita gwajin

Na roƙi Baba kada ya gyara durowar, ya dai canza mata lakabi. Mako biyu bayan haka muka sake gwajin da rezistocin nan masu shuɗin zobe, wannan karon kowa ya san mega-om 10 ne a hannunsa. Umarnin ya koma rabin shafi. Kafin a kunna wuta, kowane ɗalibi zai rubuta da biro lambar da yake zato mita za ta nuna da dalilinsa, mataimakin malami ya sa hannu a kai. Sannan a auna. Idan zato da awo sun saɓa, aikin ranar shi ne gano dalili, da kuma samo hanyar sanin ainihin boltej ɗin tsakiyar sakit lokacin da babu mita a kansa. Na faɗa musu cewa zato ba shi da maki ko ya yi daidai ko bai yi ba. Maki yana kan bayanin saɓani da hujjar da aka kawo.

Tilasta rubuta zato ba dabarata ba ce. Richard White da Richard Gunstone sun tsara hanyar zato, kallo, bayani tun 1992, kuma wani bincike da aka yi a jami'ar Harbad a rukunin Eric Mazur a 2004 ya nuna cewa ɗaliban da suka kalli gwaji kawai ba su fi waɗanda ba su gani ba fahimta sosai, amma waɗanda aka sa suka yi hasashe kafin su gani sun fi. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa koyarwa: wanda bai ɗaure kansa da wata amsa ba, duk abin da ya fito zai ce ai dama.

Kusan kowa 4.5 ya rubuta, har da waɗanda suka ga 3 da idonsu a karon farko, don sun riga sun yarda mitar ce ta yi musu ƙarya. Minti ashirin na farko ɗakin ya cika da ƙorafi. Ana kira na ta ko'ina, "Malam, mitar nan ma ba ta da kyau." Na hana kaina ba da amsa, kuma wannan shi ne abu mafi wuya da na yi a ranar, bakin malami ƙaiƙayi yake yi idan ya san amsa. Abin da na yarda in yi kawai shi ne tambaya: me za ka yi ka tabbatar mitar ce?

A benci na ƙarshe, kusa da taga, wasu samari biyu suka aro mitar maƙwabtansu don su kama tasu da laifi. Suka bar tasu a kan rezistar ƙasa tana nuna 3, suka ɗora ta aro a kan ta sama. Nan take duka biyun suka nuna 4.5. Ɗayansu ya yi tsalle, "Ga ta nan, ta gyaru!" Ya cire ta aron zai mayar wa masu ita, sai tasu ta koma 3 a gaban idonsu. Ya mayar, 4.5. Ya cire, 3. Ya yi haka ya fi sau biyar, yana kallon mitar da bai taɓa ba tana hawa tana sauka. Sai abokinsa, wanda bai ce uffan ba tun da aka fara, ya ce a hankali, "Kai, ashe mitar tana shan wuta." Ban taɓa jin an faɗi wannan ka'ida da kalmomi huɗu da suka fi waɗannan ba. Kafin in ƙaraso wajensu rabin ɗakin ya kewaye bencin, kowa yana so ya cire da hannunsa.

Daga nan aikin ya kama hanyoyi daban daban, kuma a nan ne na ga abin da littafin umarni ya daɗe yana dannewa. Ɗalibar da ta fara kawo 3 ɗin ta juya lissafin baya: idan 3 ta fito, turjiyar mita nawa ce? Ta samu kusan mega-om 10, ta je ta karɓi takardar bayanin mitar wajen Baba, ta ga haka aka rubuta. Da ta san wannan, sai ta cire nauyin mitar a lissafi ta dawo da 4.5. Wani rukuni ya lura lambar tana sauka idan ɗalibi ya riƙe ƙarafunan bakin mita da yatsunsa, suka gane jikin mutum ma rezista ne, kuma a gaban mega-om 10 ba ƙarami ba ne. Wasu da suka ɗan yi gaba a karatu suka nemi ƙaramin amfilifaya TL071, wanda turjiyar shigarsa ta kai om tiriliyan ɗaya, suka sa shi tsakanin sakit da mita ya zama garkuwa. Mitar ta nuna abin da bai kai ya bambanta da 4.5 ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta wasu da ba su da amfilifaya kuma ba su yarda da lissafi kaɗai ba. Suka ɗauko na'urar ba da wuta ta biyu, suka haɗa ƙasanta da ƙasan ta farko, suka sa mita tsakanin bakinta da tsakiyar sakit, suka riƙa murɗa ta a hankali har mitar ta nuna sifiri. Hujjarsu ita ce idan babu bambancin boltej a bakunan mita biyu, babu wutar da za ta sha, don haka ba ta taɓa sakit ɗin ba. Sannan suka auna na'ura ta biyun, wadda nauyin mita ba ya damunta: 4.5, da ɗan bambancin rezista. Sai da suka gama na gaya musu cewa wannan hanyar daidaitawa zuwa sifiri ita ce Poggendorff ya kawo a 1841, kuma ita ce ruhin gadar Wheatstone, wani sakit na auna turjiya, da za su haɗu da ita a gwaji na shida. Da na faɗa musu tun farko, da sun haddace suna kawai.

An yi ɓarna ma. Wani ya so ya auna rezistar sama da osiloskof, ya maƙala ƙaramin bakin ƙasa na firob a tsakiyar sakit, alhali ƙasan na'urar ba da wuta a bencin an haɗa shi da waya mai zuwa ƙasa. Bakin nan na firob a haɗe yake da ƙasan ginin ta cikin filogi, saboda haka ya gajarce rezistar ƙasa gaba ɗaya, allon ya nuna 9. Da mega-om 10 babu abin da ya ƙone. Na tsayar da ɗakin duka na minti biyar a kan wannan, domin irin wannan kuskure a kan sakit mai wutar soket yana narkar da firob, wani lokaci ya haɗa da hannun mai riƙe da shi. Wannan ne kaɗai wurin da na ba da amsa ba tare da an nema ba, kuma zan sake yi. Abin da ya shafi rai ba a barin ɗalibi ya gano shi da kansa.

Abin da aka canza bayan nan

Ba mu rushe kwas ɗin ba. Yawancin gwaje-gwajen suna nan da sunayensu, abubuwa uku ne suka sauya. Gurbin zato ya shiga kowane gwaji. An daina ba da maki a kan ƙanƙantar kuskure. Kuma littafin rubutu na cikin ɗaki, wanda ake rubutawa da biro a sa masa hannu kafin a fita, ya maye gurbin rahoton da ake shiryawa a ɗaki a kawo bayan mako. Lambar da aka soke da layi ɗaya aka rubuta dalili ta fi daraja a wajenmu a kan shafi mai tsabta. Baba kuma ya ƙirƙiro nasa: akwatin allunan da ya lalata da gangan, wani da diyod a juye, wani da wayar da ta katse a cikin robarta, wani da kafasita da ta mutu. Ana ba ɗalibi allo da zanen sakit a ce ya nemo cutar, ya rubuta kowane awo da dalilin yin sa. Ɗalibai sun fi son wannan a kan komai, sun kuma fi jin tsoronsa.

An kawo shawarar a mayar da gwaje-gwajen farko kan kwamfuta don a rage cunkoso. Ban ƙi kwaikwayon kwamfuta ba. Tun da aka fito da SPICE, manhajar kwaikwayon sakit, a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a 1973 babu injiniyan da ke zana sakit mai girma ba tare da irinsa ba. Amma ka zana rezistocin nan biyu a ciki ka nemi boltej ɗin tsakiya, 4.5 zai ba ka, domin mitarsa ba ta shan wuta sai idan kai ka zana mata turjiya, kuma ba za ka zana ba sai ka san tana da ita. Mun bar shi a matsayin wurin gwada zato kafin a shigo, ba madadin benci ba. Ɗakunan gwaji na nesa, irin wanda Jesús del Alamo ya fara a jami'ar MIT a 1998 inda ɗalibi ke auna taransista ta gaske ta intanet, sun fi kusa da zahiri tunda na'urar gaske ce ke awon. Sai dai a can wani ne ya riga ya haɗa wayoyin, ba kuma za ka iya aro mitar maƙwabci ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kayan gwaji na tafi da gidanka. Jami'ar Virginia Tech ta yi suna da tsarin Lab-in-a-Box, inda ɗalibi ke riƙe da allon gwaji da mita da kayan haɗi nasa, jami'ar Rensselaer kuma da Mobile Studio na Don Millard. Na'urar Analog Discovery da Digilent ya fitar a 2012 ta haɗa osiloskof mai tasha biyu da injin samar da sigina a abin da bai fi tafin hannu ba, ana haɗa ta da kwamfuta ta USB. Amfaninsu shi ne lokaci: ɗalibi zai iya yin kuskure da tsakar dare babu mai kallonsa, babu agogon da ke korarsa. Amma kaya ba sa gyara tambaya. Ka ba shi na'urar da tsohon littafin umarninmu, zai rubuto maka 4.49 daga kan gadonsa, alhali na'urar, da turjiyarta ta mega-om 1, 0.75 ta nuna masa.

Inda gizo ke saƙa

Sabon tsarin yana cin lokaci. Gwajin da ake gamawa a awa ɗaya yanzu yana cinye ukun duka, dole muka haɗe gwaje-gwaje biyu na ƙarshen zango muka yar da ɗaya, kuma malamin kwas na gaba ya yi mini ƙorafi a kan haka, da hujjarsa. Duba bayani ya fi duba lamba wahala nesa ba kusa ba, kuma mataimakan malamai biyu za su iya ba bayani ɗaya maki daban; sai da muka zauna muka duba rahotanni tare kafin hannunmu ya zo ɗaya. Su kansu mataimakan, waɗanda tsohon tsari ya raina, sun fi ɗalibai wahalar canzawa. Da ɗalibi ya ɗaga hannu sai su karɓi wayar su gyara masa.

Akwai kuma ɗaliban da tsarin bai yi wa daɗi ba, kuma ba raggwaye ba ne. Wasu daga cikin masu ƙoƙari a aji sun ji kamar an janye musu tabarma: sun saba a faɗa musu abin da ake so su kawo shi cif, yanzu an ce su yi zato a rubuce, su kuma yarda a ga sun yi kuskure. Ɗaya ta same ni a ofis ta ce, "Malam, don Allah ka faɗa mana abin da kake so kawai." Na ce abin da mita ta nuna nake so, da abin da take ganin ya jawo shi. Ba ta gamsu ba, kuma ta faɗi haka a takardar tantance kwas.

Ba mu yi wani awo na ƙa'ida da zai ce fahimta ta ƙaru da kaza ba, ba ni kuma da rukunin da zan kwatanta da shi. Abin da nake da shi shi ne littattafan rubutu, kuma a cikinsu yanzu ina ganin lambobi marasa kyau da tambayoyi a gefensu. Sabuwar matsalar ita ce labarin ya bazu. 'Yan ajin da suka biyo baya sun shigo gwaji na biyu sun riga sun ji daga manyansu, kusan kowa ya rubuta 3 a gurbin zato, wasu ma har da "saboda mita tana shan wuta", kalma da kalma. Da na tambayi ɗaya me zai faru idan aka ɗora mita biyu a lokaci ɗaya, sai ya yi shiru. A zangon da muke ciki Baba ya cika durowar da rezistoci masu mega-om 4.7 da 2.2 a gauraye, ya ajiye tsofaffin mitoci masu allura guda biyu a benci na uku da na takwas, bai kuma gaya wa mataimakan malamai ba.